Neman Asali a Ƙasar Ailan: Shaidar Sa Hannu da Sunayen Wurare

Gabatarwa

Ran 30 ga watan Yuni na shekarar 1922, wajen tsakar rana, mutanen birnin Dublin suka ji wata irin ƙara wadda ta girgiza gidaje. Jim kaɗan sai ga guntayen takardu suna saukowa daga sama kamar fara, waɗansu a babbake, waɗansu kuwa da sauran rubutu a jikinsu. Gidan ajiye takardun tarihi na ƙasar ne ya tashi. Wannan gida, wanda aka kafa cikin 1867, yana harabar manyan kotunan nan da ake kira Four Courts. Mayaƙan da suka ƙi amincewa da yarjejeniyar da aka ƙulla da Ingila cikin Disamba 1921 sun mamaye harabar tun watan Afrilu, suka kuma tara albarusai a ciki. Da sojan sabuwar gwamnati suka buɗe musu wuta ran 28 ga Yuni, sai yaƙin basasa ya ɓarke, kwana biyu bayan haka kuma takardun shekara wajen ɗari bakwai suka zama toka.

Manufar wannan maƙala ita ce a duba yadda mutanen Ailan da jikokinsu da ke warwatse a duniya suke bin diddigin kakanninsu bayan wannan babbar asara. Za mu mai da hankali a kan shaidu iri biyu da wutar ba ta gama da su ba, watau takardun da talakawa suka sa wa hannu, da kuma sunayen wuraren da suka zauna. Ɗalibin tarihi da ɗalibin harshe duka suna da abin ɗauka a nan, domin aikin ba ya yiwuwa sai an haɗa fannonin biyu.

Dalilin neman

Ailan tsibiri ne a yamma da Ingila. Ƙidayar 1841 ta sami mutum 8,175,124 a cikinsa. Shekara huɗu bayan haka wata cuta ta faɗa wa dankalin Turawa, wanda shi ne tuwon talakan ƙasar safe da dare. Daga 1845 zuwa 1852 yunwa da cututtukan da ke biye da ita suka kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, wani miliyan ɗaya kuma ya shiga jirgin ruwa ya bar ƙasar. Ƙidayar 1851 ta sami 6,552,385 kawai. Ƙaurar ba ta tsaya ba ko da yunwar ta wuce, har ya zama a 1911 mutanen tsibirin ba su kai miliyan huɗu da rabi ba.

Sakamakon wannan shi ne waɗanda ke waje sun ninka na gida. A Amurka kaɗai fiye da mutum miliyan 30 ne suke cewa asalinsu Ailan, alhali mazauna tsibirin gaba ɗaya ba su wuce kimanin miliyan bakwai ba. Akwai waɗansu kuma masu yawa a Ingila da Kanada da Ostareliya har da Ajantina. Yawancin waɗannan mutane abin da suka gada bai wuce suna ba, sai kuwa wani ɗan labari da kaka ta taɓa bayarwa cewa daga gundumar Cork ko Mayo aka fito. Wani son sanin tushe ne kawai ke tura shi bincike. Wani kuwa buƙatarsa ta fi haka nauyi, domin dokar Jamhuriyar Ailan ta yarda wanda aka haifi kakansa a tsibirin ya nemi zama ɗan ƙasa, in har ya kawo takardun da suka tabbatar da haka. Bayan ƙuri'ar da Birtaniya ta kaɗa cikin 2016 ta ficewa daga Tarayyar Turai, masu neman takardar haihuwar kaka sun ƙaru ƙwarai.

Abin da wuta ta ci

Kafin mu shiga abin da ya saura, ya kamata mu san abin da aka rasa. Takardun ƙidayar 1821 da 1831 da 1841 da 1851, waɗanda ke ɗauke da sunayen masu gidaje, yawancinsu har da na iyalansu, duk sun ƙone in ban da 'yan gutsattsari. Wasiyyoyi na ɗaruruwan shekaru sun tafi, haka kuma littattafan baftisma da aure da jana'iza na kimanin majami'u dubu ɗaya na Cocin Ailan, watau cocin Furotesta da gwamnati ta ɗaure wa gindi a lokacin.

Amma ba wuta kaɗai ke da laifi ba. Takardun ƙidayar 1861 da 1871 gwamnati ce da kanta ta lalata su bayan an gama lissafi, na 1881 da 1891 kuma aka niƙe su lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ta haka ƙarni na 19 gaba ɗaya, ƙarnin yunwa da ƙaura, ya wayi gari ba shi da cikakkiyar ƙidaya ko ɗaya. Rajistar haihuwa da mutuwa ta gwamnati kuwa ba a fara ta ba sai 1864, ko da yake an fara rubuta auren waɗanda ba Katolika ba tun 1845.

Abin mamaki, wariyar da aka nuna wa Katolika ita ta tsirar da littattafansu. Da yake ba a ɗauke su a bakin takardun gwamnati ba, ba a kai su Dublin ba, suna nan hannun limaman majami'unsu. Sai dai da yawa daga cikinsu ba su fara ba sai bayan 1820, musamman a yammacin ƙasar inda talauci ya fi tsanani, inda kuma aka fi yin ƙaura. Cikin 2015 Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ya sa hotunansu a intanet kyauta.

A rashin uwa akan yi uwar ɗaki

Da aka rasa ƙidaya sai masu bincike suka koma ga littattafan haraji, domin mai karɓar haraji ba ya mance kowa. Akwai harajin murhu da aka ɗora cikin 1662, sule biyu a kan kowane murhu. Asalin takardunsa sun ƙone, amma kofen da waɗansu masana suka yi kafin gobarar ya tsira a gundumomi da dama. Akwai jerin sunaye na 1796, lokacin da hukumar yadin lilin ta raba kyautar keken kaɗi ga duk wanda ya shuka tsiron da ake saƙa lilin da shi, keke huɗu ga mai eka ɗaya. Wannan jeri yana da suna kusan 60,000. Akwai kuma littattafan ushirin coci na 1823 zuwa 1837, inda aka rubuta manoman da aka tilasta wa biyan ushiri ga Cocin Ailan ko da kuwa ba addininsu ba ne.

Wanda ya fi su duka amfani shi ne ƙiyasin da Richard Griffith ya shugabanta, wanda aka buga daga 1847 zuwa 1864. An bi ƙasar gida gida, gona gona, aka rubuta sunan mai zama, da sunan wanda ya ba shi haya, da faɗin gonar, da kuɗin da aka ƙiyasta ta. Bayan an gama, ma'aikata suka ci gaba da gyara littattafan, kowane zagaye da launin tawadarsa. Mai bincike zai iya ganin shekarar da aka soke sunan uba aka sa na matarsa ko na ɗansa, daga nan ya san lokacin da zai nemi rasuwa ko tafiya.

Duk da haka waɗannan littattafai suna da aibi guda. Baƙo ne ya rubuta su, da kunnen baƙo, kuma mai gida kaɗai ya dame shi. Matar gida da yara da barori da ɗan ƙodago marar gona ba su da wuri a ciki.

Shaidar sa hannu

A nan ne darajar sa hannu ta fito. Takardar da mutum ya sa wa hannu tana nuna cewa a rana kaza yana raye, yana wuri kaza, ga yadda shi da kansa yake rubuta sunansa, ga kuma waɗanda suka tsaya kusa da shi. Tarihin siyasar Ailan cike yake da koke-koke da alkawura da jama'a suka sa wa hannu, da yawansu kuwa an ajiye su a wuraren da gobarar 1922 ba ta kai ba.

Na farko da za mu ambata shi ne takardar ban kwana da aka yi wa Lord Morpeth, wanda ya riƙe muƙamin Babban Sakataren Ailan daga 1835 zuwa 1841. Da ya faɗi zaɓe a mazaɓarsa ta Yorkshire zai bar aiki, sai magoya bayansa, ciki har da Daniel O'Connell, jagoran Katolikan ƙasar, suka shirya masa takardar godiya. Cikin 'yan makonni aka tara sa hannu kimanin 160,000 a kan falle 652. Aka liƙa fallayen ɗaya bayan ɗaya suka kai tsawon mita 420, aka naɗe su a jikin wani katako kamar yadda masaƙi ke naɗe sawaye. Morpeth ya tafi da ita gidansu, Castle Howard a Ingila, inda ta kwanta cikin akwati shekara da shekaru, sai cikin 2013 aka fito da ita bainar jama'a bayan masana na jami'ar Maynooth sun yi aiki a kanta an kuma ɗauki hotonta. Muhimmancinta shi ne shekararta. An sa mata hannu shekara huɗu kafin yunwa, saboda haka mutane da yawa da ke cikinta ba za a sake ganin sunansu a wata takarda ta Ailan ba.

Na biyu shi ne koken da aka yi saboda William Smith O'Brien, wanda ya jagoranci wani ɗan tawaye a Ballingarry cikin Yuli 1848, aka kama shi aka yanke masa hukuncin kisa. Fiye da mutum 80,000 suka sa hannu suna roƙon a yi masa sassauci, waɗansu a Ailan, waɗansu a biranen Ingila irin su Liverpool da Manchester. An mai da hukuncin ya zama kora zuwa tsibirin da yanzu ake kira Tasmaniya. Wannan koke ya zo a tsakiyar yunwa, ya kuma nuna inda waɗansu suka riga suka kai a hanyarsu ta barin gida.

Na uku, wanda ya fi girma, daga ɗaya ɓangaren ya fito. Cikin Afrilu 1912 gwamnatin Asquith ta kawo shirin dokar ba Ailan mulkin kanta na cikin gida. Furotestan lardin Ulster suka ce ba su yarda majalisar Dublin ta mulke su ba. Ran 28 ga Satumba 1912 Sir Edward Carson ya fara sa hannu a kan Alkawarin Ulster a babban zauren birnin Belfast, jama'a suka bi. Maza 237,368 ne suka sa hannu, mata 234,046 kuma suka sa a wata takarda tasu ta dabam, jimla 471,414. Kowane falle yana ɗaukar suna goma, kowa da adireshinsa. Da yake iyali da maƙwabta tare suke zuwa, falle guda yakan fito da uba da 'ya'yansa da surukinsa a jere. Ga kuma mata da hannunsu, abin da littattafan haraji suka hana mu. Ofishin ajiye takardu na Ailan ta Arewa da ke Belfast ya sa su duka a intanet. An daɗe ana cewa waɗansu da jininsu suka sa hannu, musamman wani Frederick Crawford, amma gwajin da wani masani na jami'ar Queen's ta Belfast ya yi cikin 2012 ya nuna da wuya ya zama jini ne. Ashe ko takardar da ke gabanka tana iya zuwa da tatsuniyarta.

Sai kuma ƙidayar 1901 da ta 1911, waɗanda suka tsira domin ba su cikin gidan da ya ƙone. A nan mai gida ne ke cika takardar da kansa ya sa hannu a ƙasa. In bai iya rubutu ba sai ya yi alamar X, ɗan sandan da ke karɓar takardun ya shaida. Wannan X ita ma shaida ce. A 1841 fiye da rabin waɗanda suka kai shekara biyar ba su iya karatu ko rubutu ba, amma makarantun gwamnati da aka fara cikin 1831 sun sauya al'amarin, har ya zama a gida ɗaya za ka ga kaka ya yi X, jika kuwa an rubuta ya iya karatu da rubutu. A 1911 waɗansu sun cika takardar da harshensu na Gelik, suka mai da sunayensu yadda kakanninsu ke faɗa, saboda tasirin ƙungiyar farfaɗo da harshen da aka kafa cikin 1893. Wanda ke neman Murphy a 1901 sai ya nemi Ó Murchadha a 1911.

Akwai wani abin ban dariya da duk wanda ya gwada ƙidayoyin biyu yakan ci karo da shi. Mutumin da ya ce shekararsa 55 a 1901 sai ka same shi da 72 a 1911. Dalili kuwa shi ne dokar fansho ta 1908, wadda ta ba duk talakan da ya kai 70 sule biyar a mako daga Janairu 1909. Da yake babu takardar haihuwa kafin 1864, akan tambayi tsoho ko ya tuna daren babbar guguwar nan ta 6 ga Janairu 1839. Daga baya aka riƙa duba ƙidayar 1841 da 1851 don a tabbatar da shekarun mai nema, ana kwafe sunayen iyayensa a wata takarda. Ƙidayoyin sun ƙone, waɗannan kofe kuwa da yawansu suna nan. Son sule biyar ya tsirar da sunayen da ba don shi ba da sun ɓace.

Shaidar sunayen wurare

Suna shi kaɗai ba ya kai mutum gida a Ailan. Binciken da Robert Matheson ya yi a kan haihuwar shekarar 1890 ya nuna Murphy ne sunan da ya fi yawa, sai Kelly, sai Sullivan. Ga shi kuma al'adar ƙasar ita ce a sa wa ɗan fari sunan kakansa, don haka a ƙauye guda sai a sami John Sullivan biyar. Ma'aikatan Griffith da kansu sai da suka riƙa ƙara sunan uba ko laƙabi don su rarrabe su. Saboda haka tambayar farko ga mai neman asali ita ce, daga wace unguwa?

An kasa tsibirin zuwa larduna huɗu da gundumomi 32, kowace gunduma da yankunan majami'u a ƙarƙashinta. Can ƙasa kuma akwai wani ɗan yanki da su ke kira baile fearainn, wanda za mu kira unguwa don sauƙi. Yanki ne na 'yan gonaki da gidaje kaɗan, wani bai kai eka goma ba, wani kuwa a kan duwatsu ya haura eka dubu. Akwai irinsu fiye da 60,000, kowanne da sunansa, kuma da su ne aka tsara littattafan ushiri da na Griffith da ƙidaya. Wanda ya san unguwar kakansa ya sami mabuɗin waɗannan duka.

Yawancin sunayen nan na Gelik ne, amma da rubutun Ingilishi suka shiga takarda. Cikin 1824 gwamnati ta tura sojan safiyo ƙarƙashin Thomas Colby su auna ƙasar saboda haraji, suka gama taswirar inci shida ga mil ɗaya cikin 1846. Aka ɗauki wani masanin harshe, John O'Donovan, wanda ya rayu daga 1806 zuwa 1861, ya riƙa yawo gunduma gunduma yana neman tsofaffi masu jin Gelik, yana sauraron yadda suke faɗin suna, yana gwada shi da tsofaffin takardu, sa'an nan ya zaɓi yadda za a rubuta shi a taswira. Ya tsirar da ma'anoni masu yawa a littattafansa, amma abin da ya hau taswira sauti ne kawai wanda ba ya nufin kome a Ingilishi. Wasan kwaikwayon Brian Friel na 1980 mai suna Translations a kan wannan al'amari aka gina shi. Mu da aka mai da mana Sakkwato ta zama Sokoto, Gwandu ta zama Gando a takardun Turawa, ba ma buƙatar dogon bayani.

Wanda ya koyi kalmomi ƙalilan zai iya karanta taswirar Ailan kamar littafi. Bally daga baile ne, watau gari ko mazauni. Knock daga cnoc, tudu. Dun daga dún, ganuwa. Derry daga doire, kurmin itacen oak. Belfast asalinsa Béal Feirste, bakin mashigin yashi. Dublin kuwa Dubh Linn, baƙin tafki, ko da yake masu Gelik da wani suna dabam suke kiran birnin, Baile Átha Cliath. Waɗansu sunayen suna ɗauke da sunan zuriya, kamar Tyrone, watau Tír Eoghain, ƙasar Eoghan, mazaunin zuriyar O'Neill. Waɗansu kuma suna nuna baƙin da suka zo, kamar Wexford da Waterford da mayaƙan ruwa na ƙasashen arewacin Turai suka raɗa.

Amma akwai ramuka a hanyar. Kil yana iya zama cill, coci, kamar a Kildare, yana kuma iya zama coill, kurmi, domin kunnen Bature bai rarrabe su ba. Bally ma wani lokaci daga béal átha yake, bakin mashigi, kamar a Ballyshannon. Unguwanni da dama suna da suna iri ɗaya a gundumomi dabam dabam. Sa'an nan siyasa ta sauya waɗansu. Gundumar Sarki da Gundumar Sarauniya, waɗanda aka raɗa wa suna zamanin Sarauniya Mary a ƙarni na 16, su ne Offaly da Laois na yanzu. Tashar jirgin ruwan da dubban masu ƙaura suka tashi daga cikinta an sa mata Queenstown cikin 1849 saboda ziyarar Sarauniya Victoria, cikin 1920 aka mai da ta Cobh. Sunayen mutane ma haka suka sha wuya. Ó na nufin jika, Mac na nufin ɗa, amma iyalai da yawa sun yar da su. Mac Gabhann, ɗan maƙeri, wani ya zama McGowan, wani kuwa aka fassara shi ya zama Smith, har ka ɗauka Ba'ingile ne. Littafin P. W. Joyce na 1869 a kan asalin sunayen wurare, da taskar sunaye ta intanet mai suna logainm da aka buɗe cikin 2008, su ne abokan tafiyar mai bincike a nan.

Daga ƙetare zuwa gida

Sau da yawa ba a Ailan ake samun sunan unguwa ba, sai a ƙasar da aka tafi. Jaridar Pilot ta birnin Boston ta riƙa buga cigiya daga 1831 zuwa 1921, inda uwa ke neman ɗanta, mace ke neman mijinta, ana faɗin unguwar da ya fito da jirgin da ya shiga. An tattara irin wannan cigiya fiye da 40,000. Bankin ajiya na masu ƙaura da aka kafa a New York cikin 1850 ya lura cewa masu ajiya da yawa ba su iya sa hannu ba, sai ya riƙa rubuta garinsu da sunayen iyayensu da 'yan'uwansu don ya gane su ran da suka zo karɓa. Rashin iya rubutunsu ya bar wa jikokinsu bayanin da mai iya rubutu bai bari ba. Duwatsun kaburbura ma sukan ambaci gunduma da yankin majami'a.

Ta irin wannan hanya ce aka gano cewa Abe Grady, kakan mahaifiyar ɗan damben nan Muhammad Ali, daga garin Ennis na gundumar Clare ya tafi Amurka wajen shekarun 1860, har Ali ya ziyarci garin cikin Satumba 2009. Haka kuma cikin 2007 aka sami sunan iyalin Falmouth Kearney, kakan kakan mahaifiyar Barack Obama, a littattafan wata majami'a kusa da ƙauyen Moneygall. Ɗan wani baduku mai ɗinkin takalma ne, ya sauka New York cikin 1850. Obama ya je ƙauyen cikin Mayu 2011. Sunan ƙauyen ba shi da haɗi da kuɗi kamar yadda mai jin Ingilishi zai zata, asalinsa Muine Gall ne, watau sarƙaƙiyar baƙi.

Kama da wane kuwa ba ta wane. Annie Moore, yarinya daga Cork, ita ce ta farko da aka yi wa rajista a tashar baƙi ta tsibirin Ellis ran 1 ga Janairu 1892. Shekaru da yawa ana ɗauka ita ce wata Annie Moore da ta rasu a Texas, har ana gayyatar zuriyar waccan zuwa bukukuwa. Sai cikin 2006 wata mai binciken asali, Megan Smolenyak, da abokan aikinta suka nuna cewa ta Texas a Amurka aka haife ta. Ta gaskiyar ba ta bar New York ba, ta rasu cikin 1924, aka binne ta a kabarin da ko alama ba shi da ita. Suna ya yi daidai, amma wuri bai yi ba, kuma ba wanda ya tsaya ya duba.

Kammalawa

Mun ga yadda rana ɗaya ta cinye abin da aka tara cikin ƙarni bakwai, mun kuma ga cewa abin da ya tsira shi ne wanda aka kwafa, ko aka ajiye a wani wuri dabam, ko yake bakin jama'a. Cikin Yuni 2022, shekara ɗari cif bayan gobarar, masana ƙarƙashin jagorancin Kwalejin Trinity ta Dublin suka buɗe wata taska a intanet inda suke tara kofen takardun da suka ƙone daga ɗakunan ajiya na ƙasashe dabam dabam. Aiki ne mai kyau, amma ba zai mai da abin da ba a taɓa kwafa ba.

Wani abin da suka yi tun da wuri ya fi dacewa da mu ɗalibai. Daga 1937 zuwa 1939 hukumar adana al'adun gargajiya ta ƙasar ta sa yara 'yan firamare fiye da 50,000 a makarantu 5,000 su je wurin kakanninsu da maƙwabtansu su rubuto tatsuniyoyi da labarin yunwa da sunayen gonaki da rijiyoyi, tare da sunan wanda ya faɗa da unguwarsa. Aka tara shafi kimanin 740,000, yau kuwa jikokin waɗannan yara suna ganin rubutun hannun kakanninsu.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mu ma muna da littattafan haraji da na kotunan alƙalai, da rubuce-rubucen malamai masu ɗauke da sunan marubuci da garinsa a ƙarshe, waɗansu a gidan ajiye takardu na Kaduna, waɗansu a zaurukan da gara da ɗigon ruwa ke ziyarta. Muna da unguwanni irin su Zangon Barebari da Tudun Nufawa a Kano, waɗanda sunansu kaɗai ya isa ya gaya maka su wa suka sauka a nan. Hutu na zuwa. Duk wanda ya koma gida ya sami littafi guda, ya zauna gaban tsohon da ya fi kowa shekaru a gidansu, ya tambaye shi sunan kakansa da garin da ya taso da sunan gonar gado, ya rubuta yadda aka faɗa masa, ya sa kwanan wata, ya sa hannu. Sa'an nan ya yi kofe biyu, kada ya ajiye su a ɗaki ɗaya.